Yadda Ake Shimfiɗa Katakon Daɓe a Kan Azara Idan Ƙarafunan Haɗi Sun Turo Kai

Mai gina gidansa da hannunsa yakan gama jera azara, ya ɗaure su da ƙarafa yadda zanen injiniya ya ce, sai ya ɗora allon farko ya tarar yana rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Idan ya ɗaga allon sai ya ga leɓen wani ƙarfe ko kan ƙusa ne ya tokare shi. Azara a nan ina nufin dogayen katakan da ake jerawa su ɗauki nauyin daɓe, musamman daɓen bene. Ƙa'idar aikin gaba ɗaya guda ce: ba a yanke ƙarfen, ba a kuma goge shi. Katako ne zai ba shi hanya, ko dai a rarake cikin allon daga ƙasa, ko a ɗaga saman azarar har ta kai tsayin ƙarfen. Awo ne zai gaya maka wanne za ka bi.

Kayan aiki

Miƙaƙƙen sandan alminiyam mai tsawon mita 2, ma'aunin lebur, zare, tef, alli mai launi, guduma da abin nutsa kan ƙusa, cizal mai kaifi, injin rauta mai rarake katako idan akwai, zarto, injin huda da na ɗaure sukuru, gam irin na foliyuritan mai jure ruwa, weji, da na'urar auna danshin katako. Rauta tana da tsada, kuma idan wuraren da za a rarake ba su wuce goma ba, cizal ya isa. Ka tanadi abin rufe hanci da tabarau, ƙurar allon garin katako ba ta da kyau ga huhu. Safar hannu ma dole ce, domin wannan gam ɗin idan ya bushe a fata sai ya yi kwanaki.

1. Gane irin ƙarfen da ke gabanka

Kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai maratayi, wato ƙarfen da bakin azara ke zama a ciki kamar ƙafa a takalmi. Wani irinsa a gefen bim ake buga shi, wato babban katako ko ƙarfen da ke ɗauke da bakunan azara, bai kamata ya leƙo sama ba sam. Wani kuma yana da leɓe ko kunnuwa da ke kwanciya a saman bim, shi ne ya fi jawo wannan matsalar. Kaurin marasa nauyi yakan kai wajen milimita 1, masu ɗaukar nauyi sosai kuwa milimita 2 zuwa 3, ban da kan ƙusa da ke ƙara tsayi a kai.

Akwai ɗamara, dogon ƙarfe mai faɗi da ke ɗaure daɓe da bango don kada bangon ya buɗe. Wadda aka saba gani faɗinta milimita 30, kaurinta milimita 5, tana ratsa azara uku aƙalla. Akwai faranti da ake rufe inda bututu ko waya ta ratsa saman azara. Sai kuma kan bolti da noti, da saman bim na ƙarfe.

Gargaɗi: kada ka taka tsakanin azara, kada kuma ka amince da allon da ba a ɗaure ba. Ka ɗaure allo biyu na wucin gadi da sukuru ka yi aiki a kansu.

2. Duba ƙarafan kafin ka rufe su

Da zarar allo ya hau, ba ka sake ganinsu sai ranar da wani abu ya lalace. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane ramin da masana'anta ta ce a cika, a cika shi da ƙusar da ta ambata. Ƙusar maratayi da aka fi sani gajeriya ce mai murɗaɗɗen jiki, tsawonta milimita 30, kaurinta 3.75. Idan ka tarar an sa baƙin sukuru na allon silin, cire shi ka sa ƙusar da ta dace. Irin wannan sukurun karyewa yake yi farat ɗaya idan nauyi ya danne shi ta gefe.

Tabbatar azarar ta zauna daram a gindin maratayin. Idan akwai ɗan fili a ƙarƙashinta, duk lokacin da aka taka za ta sauka ta gogi ƙarfe, kuma wannan shi ne ƙiƙi-ƙiƙin da ke hana mutane barci a sabon gida. A cike filin da ciko mai tauri wanda ba ya lotsawa. Tazarar bakin azara da jikin bim ma kada ta yi yawa, masana'antu da dama suna cewa kada ta wuce milimita 3.

Yanzu ka ɗauki guduma. Kan ƙusar da bai nutse ba, buga shi ya kwanta a jikin ƙarfen. Kunnen da ya ɗan tashi, danna shi ya kwanta. Wannan kaɗai yakan kawar da rabin matsalar. Amma kada ka yi ta dukan ƙarfen har ya lanƙwashe ya shige cikin katako.

Gargaɗi: kada giranda ta kusanci maratayi ko ɗamara. Leɓen da ke damunka shi ke ɗauke da nauyin. Ko ɗan goge shi ka yi, ka cire rufin tutiyar da ke kare shi, tsatsa kuma za ta fara daga nan a inda ido ba ya kaiwa. Kan ƙusa ma ba a yanke shi, domin shi ke riƙe da ƙarfen.

3. Auna lebur da tsayin abin da ya turo

Mutane da yawa suna ɗora wa ƙarfe laifin da na azara ne. Katako ba ya zuwa daidai. A cikin ɗauri guda za ka samu wata azarar ta fi wata tsayi da milimita 3 ko 4. Saboda haka ka ja zare daga bango zuwa bango a wurare uku: kusa da kowane baki da kuma tsakiya. Ɗaga zaren a kan guntayen katako masu kauri ɗaya a ƙarshensa biyu, sannan ka zura guntu na uku mai irin kaurin a kan kowace azara. Inda ya shige da sauran fili, azarar ta yi ƙasa. Inda ya ture zaren, ta yi sama. Rubuta adadin a jikin azarar da alli. Abin da ake nema shi ne kada bambanci ya wuce kimanin milimita 3 a ƙarƙashin sandan mita 2, idan kuma tayil za a sa a kai, a nemi ƙasa da haka.

Daga nan ka ɗora sandan a kan azarar ya bi ta saman ƙarfen, ka auna abin da ya turo, har da kan ƙusa. Rubuta shi ma.

Auna danshin katakon, domin awon yau ba shi ne awon baɗi ba. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, kusan kashi 1 cikin 100 a duk raguwar danshi da kashi 4. Azara mai zurfin milimita 200 da aka sa tana da danshi kashi 20, idan ta sauko zuwa 12 bayan an fara zama a gidan, za ta iya raguwa da milimita 4 ko kusa da haka. Tunda gindinta na zaune a kan maratayi, samanta ne zai sauka, ƙarfen kuwa yana nan inda yake. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙa'idar gina gidaje ta Birtaniya ake barin azarar da ta shiga bim na ƙarfe ta ɗara saman bim ɗin da milimita 12. Idan katakonka jiƙaƙƙe ne, ko ka jira ya sha iska a ƙarƙashin rufi, ko ka ƙara zurfin wurin da za ka bar wa ƙarfen.

4. Zaɓi hanya

Idan abin da ya turo bai wuce milimita 1 ba, kawunan ƙusa sun kwanta, allon mai kaurin milimita 22 ne, kuma kafet za a shimfiɗa, gam zai cike bambancin, ana iya wucewa. Ni dai ba zan yi haka ba inda za a sa tayil ko siririn leda mai mannewa, domin suna tona asirin duk wani tudu.

Daga milimita 1 zuwa 3, a wurare ƙalilan kamar layin bim ɗaya ko bakin matakala, a rarake cikin allo.

Idan ƙarafan sun yi yawa, sun bazu ko'ina, ko azarar ma ba ta yi lebur ba, a ɗaga dukkan azarar da ciko. Ya fi cin kaya kaɗan, amma ya fi sauri, yana kuma gyara matsala biyu a tafi ɗaya.

Ɗamara mai kaurin milimita 5 da farantin rufe bututu, su wurinsu a cikin azara yake. Ana yi musu ɗan gurbi a samanta daidai kaurinsu su kwanta lebur. Idan an riga an buga ɗamarar a sama ba gurbi, kwance ta ɗaya bayan ɗaya, sassaƙa gurbin, mayar da ita, tare da guntayen katakon tokari a tsakanin azarar a ƙarƙashinta.

Gargaɗi: wannan gurbin a azarar katako zalla kawai ake yin sa. Ƙa'idar Birtaniya ta ce zurfin yanka a saman azara kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zurfinta, kuma yankan bututu ya kasance tsakanin kashi 7 da kashi 25 cikin 100 na tsawonta daga inda ta zauna. Azarar masana'anta kuwa, mai siririn allo a tsakiya ko mai saƙar ƙarfe, ba a yanke katakon samanta ko kaɗan. Wannan katakon shi ne ƙarfinta. Idan wani abu ya tilasta, injiniya ko masana'antar ne za su ce yadda za a yi.

5. Idan ciko za ka sa

Nemi falawud ko allo mai tauri wanda kaurinsa ya ɗara ƙarfen da ya fi kowanne tsayi da kaɗan, yawanci milimita 3 ko 4. Yanka shi siri-siri daidai faɗin azarar, misali milimita 45. A ɗaki mai mita 4 da 3.6, azara kuma na tazarar milimita 400, za ka samu azara 11, wato kusan mita 40 na ciko. Falle ɗaya mai 2440 da 1220 yana ba da sama da mita 55, ya isa har da saura.

Shafa gam a saman azarar, kwantar da cikon, kama shi da ƙananan ƙusoshi ko sitefula don kada ya zame. Tsaya da shi milimita 5 kafin ƙarfe, ka ci gaba bayansa. Kada cikon ya hau kan ƙarfe, in ya hau ka ninka matsalar ne. Saman bim na katako da guntayen tokari da allo zai zauna a kansu, su ma a sa musu. Inda zare ya nuna azara ta yi ƙasa, ƙara siririn ciko na biyu. Inda ta yi tozo kuma katako zalla ce, a kankare tozon kaɗan.

Kwali, roba mai laushi da guntun kafet ba ciko ba ne. Za su lotse cikin 'yan watanni, sukuru ya saki, kukan daɓe ya fara.

Gargaɗi: daɓenka ya tashi da milimita 3 ko 4. A ƙofa ba komai ba ne. A matakala kuwa, takin ƙarshe zai fi sauran tsayi, ƙafa kuma tana gane bambancin da ido bai gani ba. Idan ba a riga an yi matakalar ba, ba wa mai yin ta sabon awon. Idan an yi, auna takin ƙarshe kafin ka yanke shawarar sa ciko.

6. Tsara inda allunan za su faɗa

Kaurin allo ya danganta da tazarar azara. Allon garin katako mai jure danshi, mai harshe da rami a gefuna, milimita 18 ya isa ga tazarar 400, amma ga tazarar 600 sai mai 22. Girman da aka saba shi ne 2400 da 600, wato murabba'in mita 1.44. Ɗakin da muka yi misali da shi murabba'in mita 14.4 ne, allo 10 ke nan, ƙara ɗaya saboda yanke-yanke. Idan dogayen katakai na ainihi za ka sa, bar su a ɗakin kwanaki a jere da sanduna a tsakaninsu su saba da iskar wurin.

Allo yana gicciye azara ne, ba ya bin tsawonta. Gajerun bakuna su haɗu a kan azara ko a kan guntun tokari, kuma haɗin layi ɗaya kada ya yi daidai da na layin da ke biye. Abin da ya shafi aikinmu shi ne ka jera su a bushe tukuna ka ga ina haɗin ya faɗa. Idan haɗin harshe da rami ya sauka daidai kan leɓen maratayi, rage faɗin layin farko don ya goce. Leɓen ƙasa na ramin siriri ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin allon. In ka rarake shi ba abin da zai rage ya riƙe harshen.

Bar fili tsakanin allo da bango a kowane gefe, aƙalla milimita 10, ko milimita 2 ga kowace mita idan ɗakin dogo ne. Sa weji ya riƙe filin har aiki ya ƙare. Sikatin, wato allon da ake bugawa a gindin bango, zai rufe shi.

7. Rarake cikin allo

A nan ne ake ɓata allo ko a ci riba, don haka a yi a hankali.

Goga alli mai launi sosai a kan ƙarfen da kawunan ƙusarsa. Ɗora allon daidai inda zai zauna na dindindin, harshensa ya shiga ramin na kusa da shi, wejin bango na wurinsa. Taka shi ko ka ɗan bubbuga da guduma ta kan guntun katako. Ɗaga ka juya shi: za ka ga hoton ƙarfen a cikinsa, har da ɗige-ɗigen ƙusa. Wannan ya fi awo da tef, domin da tef mutum yakan manta cewa allon a juye yake, ya rarake ɓangaren da ba shi ba.

Zagaye hoton da fensir, ka ƙara milimita 5 a kowane gefe, saboda allo yana motsi kaɗan da sauyin yanayi kuma bai kamata ya taɓa gefen ƙarfen ba. Zurfin kuwa, tsayin abin da ya turo da ƙarin milimita 1, ko 2 idan azarar ba ta gama bushewa ba. Saita rauta, gwada a kan guntun da aka yar, auna, sannan ka shiga allon gaske. Da cizal, fara tsaga layin fensir da wuƙa, ka riƙa ɗebe kaɗan-kaɗan; allon garin katako yana ɓarewa gutsi-gutsi kuma yana dakushe baki da wuri. Kan bolti guda ɗaya kuwa, bakin huda mai lebur ɗin gindi ya fi dacewa, a naɗa masa tef a matsayin alamar zurfi.

Mayar da allon, sake gwadawa da sabon alli. Idan launi ya sake fitowa, akwai inda ke taɓawa. Idan bai fito ba kuma allon ba ya rawa in ka taka kusurwoyinsa, ya zauna.

Gargaɗi: a allo mai kaurin 22 kada raraken ya wuce milimita 4, a mai 18 kada ya wuce 3, kuma ya tsaya a inda akwai katako ko bim a ƙarƙashi. Kada ka ja dogon kwari daga gefe zuwa gefe don sauƙin aiki, allon zai karye a kan layin. Idan ana buƙatar abin da ya fi haka zurfi, koma ga ciko. Idan raraken ya cinye wurin zaman bakin allo, buga guntun katako a gefen azarar ya zama masa sabon mazauni.

8. Yi alama a saman allo

Kafin gam, zana a saman allon inda kowane ƙarfe, bututu da waya suke. Sukurun da ya ci karo da leɓen maratayi ba ya shiga. Ko ya karye, ko ya ɗaga allon sama yana juyawa, kai kuma kana zaton yana ɗaurewa. Wanda ya samu bututun ruwa kuwa, wani lokaci ba ya zuba nan take, sai bayan watanni tabo ya bayyana a silin ɗin ƙasa. Wayar lantarki da ta ratsa azara ta kasance aƙalla milimita 50 daga sama, in ba haka ba a kare ta da farantin ƙarfe. Ɗauki hoton wurin da wayarka kafin ka rufe, da tef a shimfiɗe a gefe.

9. Gam da sukuru

Share saman azarar. Zuba gam layi ɗaya mai kauri a kan azarar da allo ɗaya zai rufe, kada ka yi gaba da yawa domin yana fara kamawa cikin 'yan mintuna. Zuba a cikin ramin haɗi ma, dogon gefe da gajere. A kan ƙarfen da aka rarake wa wuri ba sai an cika gam ba; an bar filin ne don azara ta samu wurin sauka.

Tura allon ya shiga da guntun allo mai rami a matsayin matashi, kada guduma ta taɓa harshen kai tsaye. Gam ya ɗan fito a layin haɗi, alamar ya isa ke nan. Bar shi ya bushe ka kankare, in ka goge shi da ɗanye sai ya dame wurin.

Tsawon sukuru ya kai kaurin allo sau biyu da rabi: 45 ko 50 ga allo mai 18, 55 ko 60 ga mai 22. Idan ka sa ciko, ƙara kaurinsa a lissafin, domin ciko ba ya riƙe sukuru. A kan kowace azara tazarar sukuru kada ta wuce milimita 300, wato uku a faɗin allo, sai dai in masana'antar allon ta ce a ƙara. Kusan 20 ke nan ga allo ɗaya, ɗakin misalinmu zai ci wajen 220. Nisanta su da bakin allo da milimita 10 aƙalla, a nutsa kai kaɗan ƙasa da fuska. Kusa da ƙarfe, matsa da sukurun milimita 20 zuwa 25 daga gefensa. Ka tsaya a kan allon yayin ɗaurewa don nauyinka ya danne shi.

Gargaɗi: kada ka yi ƙoƙarin jawo allon da ke rawa ƙasa da ƙarfin sukuru. Zai lanƙwashe a kan ƙarfen, ya bar tudu, daga baya kan sukurun ya ɓula allon ya saki. In yana rawa, ɗaga shi tun gam bai kama ba.

Dogayen katakai na ainihi ba a manna harshensu da gam, domin kowanne yana buƙatar motsi. A matse su da weji ko abin matsa, a buga ƙusa a karkace ta kan harshe, ko biyu ta sama a kowace azara. Raraken cikinsu iri ɗaya ne, sai dai cizal ya bi jijiyar katakon don kada ya tsage.

10. Layin ƙarshe da gwaji

Layin ƙarshe sai an yanke faɗinsa, a tuna da filin bango. Sau da yawa a nan ɗamara take lanƙwasawa ta shiga bango, don haka yi mata gwajin alli kamar sauran. Idan gefen allon bai samu azara a ƙarƙashinsa ba, sa guntayen tokari. Inda akwai mahaɗar bututu ko famfon tsayar da ruwa a ƙasa, yanka ƙaramar ƙofa mai mazauni a gefe huɗu, a ɗaure ta da sukuru ba gam.

Bar gam ya kwana, cire weji, sannan ka bi ɗakin da ƙafa a hankali, musamman layin bim da bakin matakala. Ɗora sandan mita 2 a kan kowace alamar ƙarfe da ka zana. Idan ka ji ƙara, sa wani ya taka kai kuma ka saurara daga ƙasa tun ba a rufe silin ba. Idan azara ce ke motsi a cikin maratayi, ciko mai tauri a gindinta da cike ramukan ƙusar da suka rage zai tsayar da ita. Idan allo ne ke gogar ƙarfe, yanke wannan yankin da zarton da aka saita zurfinsa daidai kaurin allon, buga mazauni a gefen azara, rarake sabon guntu da zurfin da ya dace, ka mayar da shi da gam da sukuru.